Yadda ake gano mazaunin furen okid na daji, da karanta ƙasarsa da mahaƙin murɗa

Mutumin da ya ci karo da fure mai kyau a daji, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne ya sa fartanya ya tono shi, ya kai gida ya dasa a tukunya. Ni ma na taɓa yin haka shekarun baya, lokacin da na dawo Sakkwato daga wata tafiya da na yi kudu, ɗauke da wani tsiro mai fure ruwan hoda a cikin buhu. Na ajiye shi a inuwar dogon yaro ina ba shi ruwa safe da yamma, ya yi ganye a daminar farko, a ta biyu kuwa bai fito ba, kuma da na zazzage tukunyar sai na tarar curin saiwarsa ya ruɓe ya yi laushi kamar dankalin da ya dahu ya wuce. Daga baya na gane cewa okid ne, kuma abin da yake rayar da shi yana can cikin ƙasar da na raba shi da ita. Wannan ne ya sa na koma ga duba ƙasar maimakon taɓa tsiron, kuma kayan aikin da ya fi dacewa da hakan shi ne ƙarfen nan mai baki a murɗe da ake juyawa da hannu yana shiga ƙasa. Sunansa na Turanci, auger, yana fita a bakinmu kamar "oga", wanda yake kawo ruɗu, saboda haka a nan zan kira shi mahaƙin murɗa.

Okid dangi ne babba a cikin tsirrai masu fure, yana da nau'o'i kimanin 28,000, kuma ana samunsa a kowace nahiya ban da Antatika mai ƙanƙara. Ko wanda bai taɓa ganin furensa ba ya taɓa jin ƙamshin ɗaya daga cikinsu, domin banila da ake sa wa a kek da askirim daga kwanson wani okid mai yaɗo take, wanda asalinsa Meziko ne, ko da yake yanzu Madagaska ce ta fi kowa nomansa. Kafin mutum ya fita nema, ya kamata ya san kamannin furen, don kada ya ɓata lokacinsa a kan albasar kwaɗi ko wani fure mai kama. Furen okid yana da kunnuwa shida, uku a waje uku a ciki, amma ɗaya daga cikin na ciki ya sha bamban da sauran, ya faɗaɗa ya zama kamar leɓe, wanda ƙwaro yake sauka a kansa. Idan aka raba furen biyu daga sama zuwa ƙasa, ɓangaren dama yana daidai da na hagu kamar fuskar mutum. A tsakiyarsa akwai ɗan ginshiƙi guda ɗaya da ya haɗa ɓangaren namiji da na mace, kuma garin furen a dunƙule yake, ba ya tashi a iska. Jijiyoyin ganyen a jere suke a tsawo kamar na ganyen dawa. Wasu suna da ɗan dogon bututu a bayan furen inda ruwan zaƙi yake taruwa. Akwai wani na Madagaska da bututunsa ya kai kusan santimita 30, wanda ya sa masanin halittu Charles Darwin ya ce a 1862 dole a sami ƙwaron da harshensa ya kai wannan tsawo, aka kuwa bayyana ƙwaron a 1903, bayan rasuwarsa.

Mazaunin okid kashi biyu ne manya. Mafi yawansu a ƙasashe masu zafi da laima a kan itatuwa suke zama, saiwoyinsu a waje, lulluɓe da wata farar fata mai kama da soso wadda take tsotse ruwan sama da raɓa. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi, wato a ɗauka irin kauci ne. Kauci yana soka saiwarsa cikin reshe yana shan ruwan jikin itacen, okid kuwa wurin zama kawai yake nema don ya sami haske, ba ya cin komai daga itacen. Irin waɗannan a Najeriya sun fi yawa a dazuzzukan Kuros Riba, da tsaunin Obudu, da Gashaka Gumti da Mambila a jihar Taraba, inda hazo da ruwan sama suke riƙe iska da laima kusan duk shekara. A ƙasar Sakkwato, inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 600 da 700, yawancinsa daga Yuni zuwa Satumba, sannan hunturu ya zo da busasshiyar iska, bazara ta biyo baya da zafin da yake wuce digiri 40, saiwar da take a waje ba ta da inda za ta ɓuya. Saboda haka mai nema a yankinmu ya sunkuyar da kansa ƙasa, kada ya ɓata wuyansa wajen kallon rassa.

Kashi na biyu su ne masu zama a ƙasa, kuma su ne na yankin ciyayi irin namu. Dabararsu ita ce su tara abinci da ruwa a curin saiwa mai kama da rizga ko tumuku, su kwana a ƙarƙashin ƙasa duk tsawon rani, su fito idan lokaci ya yi. Dangi biyu ne suka fi shahara a filayen Afirka ta Yamma. Na farko shi ne Eulophia, wanda wasu nau'o'insa suke fitar da dogon kara mai furanni tun kafin ganye ya fito, a ƙarshen rani ko farkon damina, sau da yawa a wurin da gobarar daji ta share. Na biyu shi ne Habenaria, mai ƙananan furanni farare ko masu kore-kore, wanda ya fi son ciyayi masu damshi a tsakiyar damina. Yawansu yana ƙaruwa ne yayin da aka nausa kudu, inda ruwan sama ya fi yawa, kuma a nan arewa abu ne da ba a cika gani ba. Wuraren da suka cancanci dubawa su ne gefen fadama inda tudu yake gangarowa, da bakin ƙorama mai inuwar kanya ko tsamiya, da gindin duwatsu inda ruwa yake tsattsafowa, da kowane ɗan fili da garma ba ta taɓa shiga ba. Gonar da ake nomawa kowace shekara ba wurin nema ba ce, haka ma burtalin da shanu suka tattake ya zama fako.

Dalilin wannan tsananin zaɓen wuri yana cikin irin. Idan kwanson okid ya bushe ya tsage, abin da yake fitowa gari ne kamar ƙura, dubbai har zuwa miliyoyi a kwanso ɗaya, kuma ƙwayar ba ta ɗauke da guzurin abinci irin wanda ƙwayar gero ko wake take ɗauke da shi. Ba za ta tsira ba sai ta faɗi a inda wata irin funfunar ƙasa take, dangin naman kaza, mai sirara kamar zare, wadda take shiga jikin ƙwayar ta ciyar da ita har ta yi ganye. Wani masanin tsirrai Bafaranshe, Noël Bernard, shi ne ya gano wannan alaƙa a 1899, sannan a 1922 Lewis Knudson na Amurka ya nuna cewa ana iya tsirar da irin a cikin kwalba idan aka ba shi sukari da sinadarai a madadin funfunar. A daji kuwa babu kwalba, sai ƙasar da ta dace da funfunar da tsiron gaba ɗaya, wato wadda laimarta da iskarta da ruɓaɓɓen ganyenta suka daidaita. Waɗannan abubuwa ido ba ya ganinsu daga sama, kuma a nan ne mahaƙin murɗa yake da amfani, domin yana fito da abin da yake ƙasa ta rami da bai wuce faɗin kofin shayi ba.

Yadda mahaƙin yake aiki

Duk wani mahaƙi mai murɗa, babba ne ko ƙarami, gangara ce aka naɗe a jikin sanda. Wanda ya taɓa tura baro a kan katakon da aka jingina da bayan mota ya san cewa doguwar gangara ta fi sauƙin hawa a kan a ɗaga kaya tsaye, ko da yake tafiyar ta fi tsawo. Haka abin yake a nan. Idan mariƙin ya kai santimita 60 daga wannan hannu zuwa wancan, kowane hannu yana yin tafiyar kusan santimita 190 a zagaye ɗaya, alhali bakin ƙarfen bai nutse fiye da 'yan santimita ba, sai ƙarfin hannu ya ninka ya taru a kan kaifin da yake yankan ƙasa. Shi ya sa tsawon mariƙi yake da muhimmanci, kuma shi ya sa mahaƙi mai faɗin baki yake gajiyar da mutum da wuri. Aiki uku ne suke gudana a lokaci ɗaya: tsinin yana riƙe tsakiya yana jan ƙarfen ƙasa, kaifin yana feffe ƙasa kaɗan-kaɗan, murɗaɗɗen jikin kuma yana ɗaukar abin da aka yanka. Ƙasar tana hawa ne saboda bangon ramin yana riƙe ta, ba ya barin ta ta juya tare da ƙarfen, sai ta zame a kan gangarar ta yi sama. Wannan dabara tsohuwa ce, ana danganta ta da Arkimidis, masanin Girka na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda aka san murɗaɗɗen bututun ɗaga ruwa da sunansa. Mu ma muna ganinta kullum ba tare da mun kula ba, domin duk wanda ya leƙa cikin injin markaɗe ya ga murɗaɗɗen ƙarfen da yake tura tattasai da tumatir zuwa wurin niƙa, kuma irinsa ne a injin matsar man gyaɗa. Ƙarfen da kafinta yake huda katako mai kauri da shi ma haka yake, da ɗan tsini mai zare a gaba wanda yake jan sauran jikin cikin itacen.

Don duba ƙasa, wanda ya fi dacewa shi ne mai kunnuwa biyu da suka lanƙwasa suka haɗu a tsini, suka bar ciki a buɗe, wanda aka fi sani da Edelman, ƙirar ƙasar Holan. Faɗin bakinsa yakan kai santimita 7, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, kuma ana iya ƙara masa sanduna idan ana son zurfi. Yana riƙe laka da ƙasa mai danshi sosai, kuma ana ganin abin da ya ɗauko ta gefe. A busasshen rairayi irin na jigawa, wanda yake zubewa kafin a fito da shi, sai a nemi mai baki kamar gwangwani da haƙora biyu a ƙasa. Mai zare kamar ƙusar murɗa yana shiga ƙasa mai tauri, amma yana cakuɗa ta, kuma abin da yake ɗaukowa kaɗan ne. Mai walda da ya ƙware yana iya ƙera ɗaya idan aka ba shi samfuri, amma a tsaya a kansa wajen haɗin mariƙi da sanda, domin duk ƙarfin juyawa a nan yake taruwa, kuma a nan yake karyewa. Mai inji da ake haƙa ramin shinge da shi bai dace da wannan aiki ba, domin yana watsa ƙasa ya cakuɗa sama da ƙasa, ban da haɗarin da yake da shi na fizge hannu idan ya ci karo da saiwa, ko ya naɗe babbar riga ko bakin rawani.

A bakin aiki

Kafin komai a nemi izinin mai wurin, domin babu fadamar da ba ta da mai ita, kuma idan ƙauye ne da ba a san mutum ba, a fara da gaida mai unguwa a kuma tambayi halin tsaron dajin. A sa takalmi mai rufe ƙafa saboda kububuwa, kuma kada a tsaya cikin ruwa mai kwanciya saboda tsargiya. Ban da mahaƙin, ana bukatar buhu fari da za a shimfiɗa, da tef na awo, da gorar ruwa, da wuƙa, da littafi, da waya mai ɗaukar hoto.

Idan an ga tsiron, a fara ɗaukar hotonsa ta gaba da ta gefe, da ganyensa, da wurin gaba ɗaya, a rubuta kwanan wata da irin itatuwa da ciyayin da suke kewaye da shi, da kuma ko yana cikin inuwa ko rana. Sannan a ja da baya kamar taku biyu manya kafin a kafa ƙarfe, domin curin saiwa da zaren funfuna sun bazu fiye da inda karan yake, kuma akwai ƙananan da ba su fito ba tukuna. A zaɓi wurin da yake daidai da tsiron a tsawon gangara, kada ya fi shi tudu ko kwari. A kawar da busasshen ganye gefe ɗaya a ajiye, a tsayar da mahaƙin a miƙe, a buɗe ƙafafu daidai kafaɗa, a juya dama tare da ɗan dannawa. Zagaye biyu zuwa uku sun isa su cika bakin, wato kimanin santimita 10 zuwa 15. Daga nan a ɗaga shi da ƙarfin gwiwa, baya a miƙe, ana ci gaba da ɗan juyawa dama, domin juyawa hagu tana zubar da abin da aka ɗauko, kuma tana iya kwance haɗin sanda mai zare. Kwaɗayin cika baki fiye da kima shi ne babban kuskuren sabon hannu, musamman a baƙar lakar fadama, inda ƙarfen yake maƙalewa har sai mutum biyu sun haɗu a kansa. Kowane ɗauka a fitar da shi da wuƙa, a yar da ɗan saman da ya faɗo daga bangon rami, a jera a kan buhu bi da bi daga sama zuwa ƙasa, tef yana kwance a gefe, har a ga ƙasar ta kwanta a gabanka kamar yadda take a tsaye.

Wata safiya ina cikin wannan jeri a gefen fadamar Rima, wani dattijo mai lambun albasa ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, mi kaka biɗa cikin ƙasa?" Na ce, "Baba, so nake in san inda ruwa yake tsayawa." Ya sunkuya ya ɗauki wani curi daga wajen santimita 50, ya fasa shi da babban yatsa, ya nuna mini ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa a cikin toka-toka, ya ce, "Wanga wuri ruwa na zuwa shi koma." Abin da ya faɗa daidai yake da abin da masana ƙasa suke koyarwa. Ƙasa ja ko ruwan ƙasa gaba ɗaya tana nuna iska tana shiga kuma ruwa ba ya daɗewa. Toka-toka mai ɗan shuɗi tana nuna wurin da ruwa yake zaune wata da watanni, wani lokaci har da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ɗigon tsatsa a tsakaninsu kuma shi ne iyakar da ruwa yake hawa da sauka, kuma zurfin da ya fara bayyana shi ne abu mafi muhimmanci da za a rubuta, domin curin okid yana son laima a kusa amma yana ruɓewa idan ya daɗe cikin ruwa. A auna kuma kaurin baƙar ƙasar sama, wadda ruɓaɓɓen ganye ya rina, saboda a nan funfunar take rayuwa.

Bayan launi sai a gwada jiki. A ɗibi kamar girman goro a jiƙa shi kaɗan a mulmula a tafin hannu. Idan ya ƙi dunƙulewa yana ƙaras-ƙaras, rairayi ne. Idan ya miƙe kamar taliya mai kauri amma ya karye da an lanƙwasa shi, gauraye ne na rairayi da laka. Idan ya lanƙwasu ya zama zobe bai tsage ba, yumɓu ne. A yi haka a duk inda launi ko tauri ya sauya. Idan ƙarfen ya fara ƙara yana zamewa, an kai marmara ko tsakuwa, sai a rubuta zurfin a tsaya, kada a tilasta shi. Irin wannan shimfiɗa mai tauri takan tare ruwan damina a sama da ita, kuma ita ce sau da yawa take bayyana dalilin da ya sa wani ɗan wuri a tudu yake da damshi alhali kewayensa a bushe yake. Idan kuwa ruwa ya fara taruwa a ramin, a bar shi na awa ɗaya ko fiye ya daidaita, sannan a zura busasshen kara a auna daga bakin rami zuwa inda ya jiƙe. A rairayin da yake ƙarƙashin ruwa ramin zai riƙa rufta, kuma wucewa nan sai da bututu, wanda aikin masu haƙa rijiyar lambu ne.

Rami ɗaya ba ya ba da cikakken labari. A yi wani a sama da wurin da tsiron yake, a yi wani a ƙasa da shi, inda babu ko ɗaya, domin bambancin da yake tsakanin ukun shi ne yake nuna abin da tsiron yake nema. Duk ramin da aka gama da shi a mayar da ƙasarsa bisa tsari, ta ƙasa ta fara shiga, ana dannawa da kara, baƙar ta sama ta zo ƙarshe, a rufe da busasshen ganyen da aka ajiye, don kada ƙafar tunkiya ta faɗa. A wanke bakin ƙarfen kafin a koma wani wuri, saboda kada a kai irin ƙuduji ko cutar ƙasa inda babu.

Shi tsiron a bar shi inda yake, kuma kada a yaɗa ainihin wurinsa a Facebook ko WhatsApp. A Zambiya da maƙwabtanta tonon curin okid don yin wani abinci da ake kira cikanda ya rage su ƙwarai, haka ma a Turkiyya inda ake yin garin wani abin sha mai suna salep da shi, kuma dukkan dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da fataucin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, wadda ta fara aiki a 1975, Najeriya tana cikinta. Wanda yake son sanin ainihin sunan abin da ya gani, ya kai hotuna da bayanansa ga masana tsirrai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ya fi amfani ga mai wurin shi ne a nuna masa tsiron, a roƙe shi ya bar wannan ɗan gefe ba tare da garma ko maganin ciyawa ba.

Ruwan fadamominmu ba ya nan yadda kakanni suka san shi, domin madatsar Goronyo a kan Rima da ta Bakolori a kan kogin Sakkwato sun sauya lokacin ambaliya da yawanta, injinan ban ruwa kuma suna jan na ƙasa duk tsawon rani. Saboda haka awo na rana ɗaya bai wadatar ba. A kafa ɗan dutse a matsayin alama, a dawo a watan Agusta lokacin da ƙasa ta ƙoshi, a sake dawowa a Nuwamba bayan ɗaukewar ruwa, sannan a Afrilu da tsakiyar bazara, kowane zuwa a yi sabon rami taku ɗaya daga tsohon, a rubuta zurfin ruwa da halin da tsiron yake ciki a shafi ɗaya. A zuwan Afrilu a fita da sassafe, a riƙa zuba ɗan ruwa a bakin ramin kafin a fara, domin busasshiyar laka a wannan lokaci tana dakushe kaifin ƙarfe.